Ayoyi Uku na Amarya, Ayoyi Tara na Ango

Ranar Asabar da ta wuce na halarci ɗaurin auren 'yar ƙanwar matata a wata majami'a da ke kudancin garin Kaduna. Kamar yadda aka saba, mai wa'azi ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, sura 5, ya fara karatu daga aya 22. Ina zaune a layi na uku cikin dangin amarya, inda nake iya hangen fuskarta ta cikin farin mayafi, da ango a gefenta yana ta share zufa cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa a kafaɗa. Mai wa'azin ya shafe kusan minti 40 a kan amarya kaɗai: yadda za ta riga maigida tashi da asuba, yadda za ta gaishe shi, yadda za ta riƙe harshenta idan ransa ya ɓaci, da yadda ba za ta bar 'yar aiki ta riƙa dafa masa abinci ba. Duk maganar da ya faɗa, maza su yi tafi, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, cikin ankonsu su rangaɗa guɗa. Da ya juyo kan ango, sai ya dubi agogon hannunsa, ya ce lokaci ya ƙure kuma masu abinci suna jira, sannan ya ce, "Kai kuma ɗana, ka ƙaunaci matarka, ka ji ko?" Ango ya gyaɗa kai, ƙungiyar mawaƙa ta miƙe.

A hanyarmu ta komawa gida, matata ta daɗe ba ta ce komai ba, sai da muka wuce Sabon Tasha ta ce, "Baban yara, ka ga irin rabon da aka yi yau?" Na ce na gani. Ta ce, "A ranar namu ma haka aka raba, shekara 23 ke nan, kuma kai ma ka gyaɗa kai." Ban sami abin cewa ba, domin gaskiya ta faɗa.

Da na isa gida na buɗe wurin na ƙirga. Ayoyin da Bulus ya fuskanci matan aure da su guda uku ne, daga 22 zuwa 24, sai kuma rabin aya ta ƙarshe inda ya ce mace ta girmama mijinta. Waɗanda ya fuskanci maza da su kuwa sun fara daga 25 har zuwa 33, wato ayoyi tara. Manzo ya ba miji kashi uku cikin huɗu na maganar, mu kuma a majami'unmu mun juya rabon, mun ɗora wa amarya kusan duka, muka sallami ango da jimla ɗaya. Ni ba fasto ba ne. Malamin sakandare ne, kuma dattijo a ikilisiyarmu na wasu shekaru. Abin da na sani game da harsunan asali na Littafi Mai Tsarki daga bakin malaman da suka karanta su na samo shi, da kuma daga littattafan sharhi. Amma ƙirga ayoyi ba ya bukatar digiri, kuma zaman da na yi a majalisar dattawa ina sauraron ƙarar ma'aurata ya nuna mini inda wannan karkataccen rabo yake kai gida.

Kuskuren farko yana wurin da muke fara karatun. Jimlar Bulus ba daga aya 22 ta fara ba. Aya 21 tana umartar dukan masu bi su yi biyayya ga juna saboda ganin girman Almasihu, kuma a cikin wasu daga cikin tsofaffin kwafe-kwafen hannu na Helenanci, ciki har da wanda masana suke kira P46, da aka rubuta wajen shekara ta 200, aya 22 ba ta da kalmar aikatau tata ta kanta. Abin da ke rubuce kawai shi ne: mata, ga mazajenku, kamar ga Ubangiji. Daga aya 21 take aro kalmar biyayyar. Wanda ya yanke aya 21 ya fara daga 22 ya yi kamar mai sayar da riga bayan ya cire mata wuya. Masu buga Littafi Mai Tsarki da yawa sun taimaka wa wannan yanka, domin sukan sa kan magana a tsakanin ayoyin biyu, sai mai karatu ya ɗauka cewa an gama wata magana an shiga wata.

Akwai kuma batun kalmar kanta. Tun da aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932, wadda da ita kakanninmu da yawa suka koyi karatu, kunnenmu ya saba da jin biyayya a matsayin abu ɗaya: abin da yaro yake yi wa ubansa, talaka ga sarki, kurtu ga hafsa. A Helenancin wannan wasiƙa kuwa, kalmar da Bulus ya zaɓa wa matan aure dabam take da wadda ya yi amfani da ita ga 'ya'ya da bayi a farkon sura 6. Ta 'ya'ya da bayi tana nufin a ji umarni a aikata. Ta matan aure tana nufin mutum ya sa kansa a ƙarƙashin wani, kuma ga matar aka faɗe ta, ita ce mai yi. Ba na so in ɗora wa wannan bambanci kayan da ya fi ƙarfinsa, domin Bitrus ya yi amfani da kalmar jin umarni sa'ad da yake maganar Saratu da Ibrahim. Amma abu ɗaya a fili yake ga duk mai karatu, ko da Hausa yake karantawa: babu aya ɗaya a Sabon Alkawari da ta ce wa miji ya sa matarsa ta yi masa biyayya. Ba a ba shi wannan aiki ba. Wasiƙar da aka rubuta wa matarsa yake buɗewa yana karanta mata da ƙarfi, alhali tasa wasiƙar tana aljihu bai ɓare ta ba.

Domin a ga nauyin abin da Bulus ya rubuta, ya kamata a tuna da duniyar da ya rubuta wa. Afisa babban birni ne a ƙarƙashin mulkin Roma, a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, kuma a dokar Romawa uban gida yana da iko mai faɗi ƙwarai a kan 'ya'yansa da bayinsa. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Almasihu, Aristotal, masanin falsafa na Girka, ya riga ya tsara zancen gida kashi uku, miji da mata, uba da 'ya'ya, ubangida da bawa, kuma a kowane kashi batunsa shi ne yadda namiji zai yi mulki. Bulus ya ɗauki wannan tsari mai kashi uku da kowa ya sani, amma ya yi da shi abin da ba a saba ba. Ya yi magana da matar kai tsaye, a matsayin mai hankali da lamiri wadda take zaune a cikin taron tana sauraro. Ga mijin kuma, inda kowane mutumin Afisa zai sa ran jin "ka mallake ta," sai aka ce masa ya ƙaunace ta kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da kansa dominta. Matan da suka ji karatun wasiƙar a karo na farko ba su ji sabon abu a aya 22 ba, domin abin da kowa yake faɗa musu ke nan tun suna yara. Mazan ne suka ji sabon abu.

Ba ina cewa Littafi bai kira miji kan mace ba. Ya kira shi haka a aya 23, ya kuma maimaita a 1 Korantiyawa 11, kuma ban yarda da masu son share wannan kalma don ta yi musu nauyi a kunne ba. Tambayar ita ce, wane irin kai? Bulus bai bar mu mu cika ma'anar daga al'adar Romawa ko ta garinmu ba, ya ɗaure ta da Almasihu. Almasihun nan kuwa shi ne ya gaya wa almajiransa a Markus 10 cewa sarakunan al'ummai sukan nuna wa mutanensu iko, amma ba haka zai zama a tsakaninsu ba, kuma shi ne a Yohanna 13 ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun mutanen da ɗaya daga cikinsu zai bashe shi a daren. Hausawa suna da maganar da ta fi kusa da wannan fiye da yawancin wa'azinmu, inda suke cewa babba juji ne. Wanda ya zama kai a gida shi ne wurin da ake zuba gajiya da fushi da rashi, shi ne mai ci a ƙarshe idan tuwon bai isa ba, shi ne mai fara neman gafara ko da yana ganin laifin ba nasa kaɗai ba ne. Yohanna Kirisostom, wanda ya zama bishop na Kustantiniya a 398 kuma ya rasu a gudun hijira a 407, ba mutum ne mai sassauci a kan biyayyar mata ba, amma a wa'azinsa a kan wannan sura ya gaya wa maza cewa wataƙila a iya riƙe bawa da tsoro, ko shi ma wata rana zai gudu, amma abokiyar zaman rai, uwar 'ya'yan mutum, ba a ɗaure ta da tsoro da barazana. Fiye da shekara 1,600 ke nan da aka faɗi wannan, har yanzu bai iso wasu gidajenmu ba.

Bai iso nawa gidan da wuri ba, kuma gara in faɗa da bakina. Akwai shekarar da aka riƙe mana albashi wata bakwai. Matata tana ɗinki, kuma da abin ya yi tsanani sai ta ƙara da suyar ƙosai a ƙofar gida da safe. Tana tashi ƙarfe huɗu ta wanke waken da ta jiƙa, ta surfa, ta kai inji, kafin ƙarfe shida mai ya yi zafi a kasko, 'yan makaranta da masu acaɓa sun yi layi. Da kuɗin ƙosan nan da kwasar adashinta aka biya kuɗin makarantar yara zango biyu. Abin da ya kamata in yi a lokacin a fili yake, amma abin da na yi shi ne na zama mai saurin fushi. Ina ganin kamar kowane kwanon abinci da ta ajiye a gabana gori ne, ko da yake ba ta taɓa buɗe baki ta yi mini gori ba. Wata safiya na yi mata faɗa a gaban masu sayen ƙosai saboda ba ta goge mini riga ba, har na ce mata kada ta manta wane ne kai a gidan nan. Ba ta amsa ba. Ta sauke kaskon, ta shiga ta goge rigar, ta dawo ta tarar man ya huce, rabin masu layin sun watse. Da dare, bayan yara sun yi barci, ta ce mini a hankali, "Baban yara, ban manta ba. Amma kan da na karanta a Littafi, shi ne ya ɗauki gicciye." Washegari ni na ɗauki bokitin waken na kai inji, kuma na ga yadda maƙwabta suke kallona.

Abin da na gane daga baya shi ne, na ɗaure matsayina na miji da kuɗin cefane, don haka da kuɗin ya yanke sai na ji kamar an tuɓe mini rawani, na shiga neman sa da tsawa. Gaskiya ne 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya fi marar ba da gaskiya muni, kuma malalacin miji ba shi da mafaka a Littafi. Amma matar kirki ta Karin Magana 31, wadda ake karanta wa matan Zumunta a kowace ranar mata, ba zaune take tana jiran kuɗin cefane ba. Takan duba gona ta saya, ta dasa inabi da ribar hannunta, ta saƙa tufafi ta sayar wa fatake, ta ba masu yi mata aiki abin yi, kuma abin da aka faɗa game da mijinta shi ne zuciyarsa ta amince da ita, yana kuma yabonta. Ba a ce yana ƙirga mata riba ko yana karɓe ta ba. Na san gidaje a ikilisiya inda mace take aikin asibiti ko koyarwa, amma katin cire kuɗinta yana aljihun maigida, kuma ana kiran wannan biyayya.

Idan aka koma Farawa, inda Yesu kansa ya koma sa'ad da Farisiyawa suka tambaye shi batun saki a Matiyu 19, za a tarar da abubuwa biyu da muke karantawa da rabin ido. Na farko shi ne kalmar mataimakiya a Farawa 2:18. A bakinmu, mataimaki ƙaramin ma'aikaci ne, kamar yaron mota ko yaron shago. A Ibrananci kuwa, kalmar da aka fassara haka ita ce ezer, kuma a yawancin wuraren da ta fito a Tsohon Alkawari, Allah ne ake kira da ita, kamar a Zabura 121 inda mai waƙa ya ɗaga idanunsa ga duwatsu yana tambayar inda taimakonsa zai fito. Taimakon mai ƙarfi ne ga wanda ba zai iya shi kaɗai ba. Na biyu shi ne Farawa 2:24, inda aka ce mutum zai bar mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa. Namiji aka ce ya bari. A al'adunmu kuwa, ko na Hausawa ko na ƙabilun kudancin Kaduna da Filato, amarya ake kaiwa, ita take kuka, ita take barin gidansu, shi kuma ango sau da yawa ko taki ɗaya bai matsa daga gindin mahaifiyarsa ba, ko da ya kama haya a wata unguwa. Cikin ƙararrakin da suka zo gabanmu a majalisar dattawa, waɗanda uwar miji ko ƙannen miji suke ciki suna da yawa ƙwarai, kuma a mafi yawansu mijin yana zaune ne kamar ɗan kallo, yana jiran matarsa ta yi haƙuri. Girmama iyaye doka ce, ba mai musun haka. Amma mijin da ya bar ƙanwarsa ta zagi matarsa a cikin ɗakinta bai cika Farawa 2:24 ba tukuna, ko da an yi shekara goma da ɗaurin auren.

Wasu sukan kawo Farawa 3:16, inda aka gaya wa Hawwa'u cewa mijinta zai mallake ta, su ce ai Allah ne ya faɗa. Allah ne ya faɗa, amma bayan faɗuwa ya faɗa, a cikin jerin wahalolin da zunubi ya jawo. A cikin jerin nan ne aka ce ƙasa za ta tsiro da ƙaya da sarƙaƙƙiya, kuma ban taɓa ganin manomin da ya ƙi yin noma a gonarsa don kada ya saɓa wa wannan aya ba.

Akwai wata kalma da take hana mazanmu da yawa yin abin da suka san daidai ne, wato mijin-ta-ce. Tsoron wannan suna ya sa mutum yakan ƙi shawarar matarsa a kan sayen fili ko karɓar bashi, ya je ya faɗa rami, ya dawo ita ce za ta fid da shi. Abin dariya shi ne, Saratun da Bitrus ya kafa misali da ita wajen biyayya, ita ce Allah ya ce wa Ibrahim a Farawa 21:12 ya saurari duk abin da ta faɗa masa. Abigel kuma, a 1 Sama'ila 25, da ta ji mijinta Nabal ya wulakanta manzannin Dawuda, kuma Dawuda yana tafe da mutum 400 da takuba, sai ta ɗora gurasa 200 da tumaki biyar gyararru da sauran guzuri a kan jakuna, ta fita ba tare da ta gaya wa mijinta ba, ta ceci ran kowane namiji a gidan, kuma Dawuda ya sa wa hikimarta albarka. Safiratu, a Ayyukan Manzanni 5, ita ce ta bi mijinta Hananiya sau da ƙafa a cikin ƙaryar kuɗin gona, kuma da ta shigo bayan wajen awa uku, Bitrus bai ce mata ba komai tunda umarnin maigida ta bi. Ita kaɗai ta amsa tambayarta, kuma samarin da suka binne mijinta su suka ɗauke ta. Biyayyar da Littafi yake nema daga mace tana da iyaka, iyakar kuwa ita ce kalmar nan "kamar ga Ubangiji."

Inda karkataccen rabon nan ya fi yin ɓarna shi ne wajen haƙuri. Zaman aure ɗan haƙuri ne, kowa ya sani, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma mun mai da haƙuri kaya na mutum ɗaya. Na tuna wata 'yar'uwa da ta zo gaban dattawa da ɗankwali ta rufe rabin fuskarta, da ta ɗaga sai muka ga idon ya kumbura ya rufe. Tambayar farko da aka yi mata, kuma ina zaune ban hana ba, ita ce, "Me kika yi masa?" Aka karanta mata 1 Bitrus 3, daga aya 1 zuwa 6, aka yi addu'a, aka ce ta koma ɗakinta. Ba wanda ya karanta aya 7, wadda take cewa maza su zauna da matansu da fahimta, su ba su girma a matsayin abokan gādon alherin rai, don kada a hana addu'arsu. Mijin ya ci gaba da cin Jibin Ubangiji, ba a sa shi ƙarƙashin horo ba, alhali yarinyar da ta yi ciki kafin aure a wannan shekarar an ajiye ta a bencin baya wata shida. Kolosiyawa 3:19 ta hana miji ko nuna wa matarsa ɗacin rai, balle ɗaga hannu, kuma Malakai 2 ta ce Ubangiji ya ƙi karɓar hadayar mutanen da suka ci amanar matan ƙuruciyarsu, domin shi ne shaida a tsakaninsu. Dokar laifuffuka ta Arewa da aka kafa gab da samun 'yancin kai ta ƙunshi sashe na 55 wanda ya ba miji damar horon matarsa inda al'adarsu ta yarda, muddin bai yi mata mummunan rauni ba, kuma sai a 2015 aka sami dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane. Ikilisiya ba ta da hujjar jiran majalisar dokoki, domin tata dokar tana hannunta tun ƙarni na farko. Mutuwar mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu a Abuja a watan Afrilun 2022 ta sa an yi ta magana a kan wannan na ɗan lokaci, fastoci da yawa suka fito suka ce rabuwa don tsira da rai ba zunubi ba ne. Na yi murna da jin haka, amma na san cewa a ƙananan majami'u irin tamu, tambayar farko ba ta canja sosai ba.

Kada a ce na wanke mata tas. Bulus ya rufe maganarsa da cewa mace ta girmama mijinta, kuma na ga gidajen da raini ya rushe ba tare da an ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Akwai macen da idan ta fi mijinta samu sai ta mai da shi abin ba'a a gaban 'ya'yansa, akwai wadda take kai sirrin ɗakinta taron addu'a da sunan neman a taya ta roƙo, kafin Lahadi duk unguwa ta sani, akwai kuma wadda take rufe ƙofa wata da watanni a matsayin hukunci, alhali 1 Korantiyawa 7 ta ce kada ma'aurata su hana juna sai da yardar juna kuma na ɗan lokaci. Sai dai a wannan surar ma, inda Bulus ya yi maganar iko a fili, ya raba shi daidai: matar ba ta da iko da jikinta sai mijin, haka kuma mijin ba shi da iko da jikinsa sai matar. Na taƙaita a nan ne don wannan ɓangaren ba ya rasa masu wa'azi.

Na san Kiristocin wasu ƙasashe sun daɗe suna jayayya a kan batun. A Amurka, wasu malaman bishara sun tsara sanarwar Danvers a 1987 suna kare shugabancin miji, wasu kuma suka kafa ƙungiyar da take koyar da daidaito a gida da ikilisiya, kuma a 1998 babban taron Baftis na kudancin ƙasar ya ƙara batun biyayyar mace cikin bayanin bangaskiyarsa. A 1988 Paparoma John Paul na Biyu ya rubuta wasiƙa a kan darajar mata inda ya karanta aya 22 ta Afisawa 5 a ƙarƙashin aya 21, ya ce biyayyar ta juna ce. Littattafan ɓangarorin biyu suna isowa shagunanmu a Jos da Kaduna, matasa kuma suna ɗauko gardamar daga intanet. Ni dai na lura cewa ɓangarorin biyu, duk da saɓaninsu, ba wanda zai amince da abin da aka yi wa 'yar'uwar nan mai kumburarren ido. Tamu matsalar ba ta kai ga tasu gardamar ba tukuna.

Mahaifina bai taɓa jin sunan Danvers ba, karatunsa bai wuce Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙi ba. Muna yara a ƙauye, idan mahaifiyarmu tana da tsohon ciki, yakan tashi kafin carar zakara ya ɗauki tulu biyu ya je rafi, ya dawo ya cika randa tun gari bai waye ba, don kada mazan gari su gan shi su sa masa suna. Mun daɗe muna tsammani Mama ce take ɗebowa. Da ta kamu da shanyewar ɓarin jiki a tsufansu, sai ya daina ɓoyewa. Shekara shida yana dama mata kunu, yana ba ta a baki da ludayi, yana ɗaukar ta zuwa bayan gida, yana wanke zannuwanta ya shanya a igiyar tsakar gida da rana tsaka, inda duk mai wucewa zai gani. 'Yan'uwansa suka taru suka ce ya mai da ita gidansu ko ya bar wa 'ya'ya mata wannan aiki, domin bai dace da dattijo kamarsa ba. Ya saurare su har suka gama, sannan ya ce a ranar da aka ɗaura musu aure an tambaye shi ko zai riƙe ta cikin lafiya da rashin lafiya, kuma a gaban mutane ya amsa, don haka a gaban mutane zai yi. Ya miƙe ya ce su gafarce shi, ruwan wankanta yana kan wuta.